KIM-1: Kwamfutar da sai ka ɗaura mata waya ɗaya kafin ta farka

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ta hana su saurare, da kuma waɗanda dama sun fi son su karanta a nutse.

Abin da ya jawo maganar yau wani saƙo ne da wani ɗan'uwanmu mai gyaran waya ya turo mana. Ya ce ya yi odar kayan haɗa wata ƙaramar kwamfuta, kwaikwayon wata tsohuwa ce mai suna KIM-1. Ya kwana biyu yana dalma, ya gama, ya ba ta wuta, lambobi suka bayyana jajur, ya yi murna. Amma da zarar ya sa ta aiki ya danna maɓallin ST don ya tsayar da ita, sai ta sume, lambobin su ɓace, sai ya danna RS take dawowa. Yana tambaya: shin na ƙona wani IC ne, ko kuwa kayan banza aka turo min?

Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. Ga dukkan alamu ba ka ƙona komai ba, kuma kar ka taɓa allon nan da ƙarfen dalma tukuna. Halin uwarta ta gado, haka ta asalin take yi tun 1976. Zan ba ka amsar, amma sai na bi da kai ta hanyar da za ka gane dalili, don amsar ba ta wuce danna maɓalli goma sha ɗaya ba, dalilin ne mai daɗi.

To wace ce KIM-1?

A 1974 wasu injiniyoyi suka bar kamfanin Motorola a Amurka, cikinsu akwai Chuck Peddle da Bill Mensch, suka koma wani ƙaramin kamfani mai suna MOS Technology a jihar Pennsylvania. Burinsu su yi furosesa mai arha. A watan Satumba na 1975 suka fito da 6502 a kan dala 25. Ku lura, a lokacin furosesar Motorola mai lamba 6800 dala 175 ake sayar da ita. Ba a jima ba Motorola ta karya nata farashin zuwa dala 69, ta kuma kai su kotu. Wannan wani labari ne daban.

Yanzu an yi furosesa, amma yaya injiniyan wani kamfani zai gwada ta ya ga ko ta dace da abin da yake ƙerawa? Sai MOS suka haɗa allo guda ɗaya, girmansa bai fi takardar A4 da wani abin kirki ba, suka ɗora 6502 da 'yan rakiyarta, suka sa masa suna KIM-1. KIM ɗin taƙaitawar Keyboard Input Monitor ne, wato ɗan furogiram ɗin da ke sauraron madannai. Suka sa shi kasuwa a 1976 a kan dala 245, haɗaɗɗe, ba sai ka yi dalma ba. Injiniyoyi aka yi wa shi, amma sai ɗalibai da malamai da masu sha'awar haɗe-haɗe a gida suka yi masa caa, don a lokacin ba kasafai za ka samu kwamfuta da ta riga ta haɗu a wannan kuɗin ba. A cikin shekarar ne kuma Commodore ta Jack Tramiel ta sayi MOS, ta ci gaba da buga allon da sunanta.

Kafin wani ya ce mu ina ruwanmu da furosesar 1975: in ka taɓa zama gaban talabijin kana buga Mario a irin gem ɗin nan mai kaset rawaya, to ka taɓa 6502 da hannunka, don ƙwaƙwalwar wannan gem ɗin daga tsatsonta take. Haka Apple II, haka Commodore 64, haka Atari 2600, duk dangi ɗaya ne.

Bari in kwatanta muku abin da za ku gani in aka ajiye muku allon a tebur. Babu akwati. Babu sikirin. Babu fanka. Ko abin ba ta wuta ba a haɗo maka da shi ba, kai za ka nemo. A kusurwar dama ta ƙasa akwai madannai irin na kalkuleta, a samansu akwai gurbin lambobi shida masu jan haske. A gefen hagu akwai bakin jona guda biyu, kowanne mai ƙafa 44. Sauran fili duk IC ne da layukan tagulla a fili, ido na ganinsu.

Manyan IC uku ne, kowanne ƙafa 40. Na farko ita ce 6502 kanta, tana gudu a kan megahaz 1. Ɗaya tak. Sauran biyun su ne 6530, ɗaya mai lamba 002, ɗaya 003. Waɗannan 6530 ɗin su ne abin da ya fi burge ni a allon, don kowannensu ma'aikaci huɗu ne a riga ɗaya: yana da ROM na kilobayit 1, yana da RAM na bayit 64, yana da agogon ƙidaya, yana kuma da ƙafafun shiga da fita da ake magana da duniyar waje ta cikinsu. Dabarar ke nan da ta sa allon bai cika da kaya ba, kuɗinsa kuma bai tashi ba. Sai dai akwai sharri a ciki. ROM ɗin tun a masana'anta ake zuba shi, ba a gogewa, ba a sake rubutawa. In 6530-002 na asali ya mutu, ba za ka je ka sayi wani 6530 ka maye gurbinsa ba, don abin da ke cikinsa daban ne. Shi ya sa masu yin kwaikwayon yau suke amfani da 6532 su haɗa masa ROM daban a gefe. Ɗan'uwa mai saƙo, duba allonka, ina kyautata zaton haka naka yake.

Sai RAM. Ƙananan IC takwas ne a jere, kowanne yana riƙe da bit ɗaya na kowane bayit, a haɗu su ba da bayit 1024. Ka ƙara 64 sau biyu na cikin 6530, ka samu 1152. Ƙarshen tika-tiki ke nan. Wayar da ke hannunka in mai RAM gig 4 ce, ta ninka wannan fiye da sau miliyan uku. Wannan rubutun da kuke karantawa, da za a zuba shi a KIM-1, ba za a yi nisa ba wuri zai ƙare.

Madannan guda 23 ne da makunni ɗaya. Sha shida na lambobi ne, daga 0 zuwa 9, sai A zuwa F, domin da lissafin tushen sha shida ake mata magana. A shi ne goma, B sha ɗaya, har F sha biyar. Sauran su ne AD na shigar da adireshi, DA na shigar da abin da za a ajiye a adireshin, alamar tarawa ta matsawa gaba, GO na fara aiki, PC, ST na tsayarwa, RS na farawa daga tushe. Makunnin kuma shi ne SST, zan dawo kansa. Lambobi shida na sama kuwa, huɗu na hagu adireshi ne, biyu na dama abin da ke cikinsa. Wato kullum ɗaki ɗaya kake leƙawa ta taga, ka ga lambar ƙofa, ka ga abin da ke ciki.

Ga wani abu da mutane ba sa tsammani. Babu wani IC na musamman da ke riƙe da hasken lambobin nan. Furosesar ce da kanta take kunna lamba ta farko, ta kashe, ta kunna ta biyu, ta kashe, har shida, ta sake zagayowa, da saurin da ido zai ga kamar duk a kunne suke. A tsakanin zagayen kuma ta leƙa ko an danna maɓalli, da ƙafafu ɗaya take yin aikin biyu. Saboda haka in ka danna GO furogiram ɗinka ya karɓi ragama, lambobin sai su mutu ɗif, sai dai in kai ka ce a haska su. Sabon shiga da yawa a nan yake fara tsorata, ya ɗauka ta lalace, alhali aikinsa take yi.

Yanzu mu zo kan saiti, wanda shi ne ainihin maganarmu.

Ka sayi KIM-1 ta asali, ka kawo gida. Bakin jona na farko ana ce masa na aikace-aikace, na biyu na faɗaɗawa. Ƙafafun gefe ɗaya lambobi ne, 1 zuwa 22, na ɗaya gefen haruffa ne. A bakin aikace-aikace za ka kai bolt 5 zuwa ƙafar A, negatif zuwa ƙafa ta 1. Tana jan wajen amfiya ɗaya da ɗan ɗori. In kana son karanta kaset, sai ka ƙara bolt 12 a ƙafar N. To ka yi duk wannan, ka kunna, ka danna RS. Shiru. Ba abin da zai bayyana, har sai ka ɗauki 'yar guntuwar waya ka haɗa ƙafar K da negatif. Masu gyaran waya, jampa dai da kuka sani. Jampa ɗaya ce tsakanin kwamfuta mai rai da gawa.

Me ya sa? A nan ne za ka fara ganin yadda aka yi tattalin kowane kwabo. 6502 tana da layin adireshi 16, wato tana iya kiran ɗakuna 65,536. Amma KIM-1 ba ta da kayan da za su cika ko kashi ɗaya cikin takwas na wannan. Sai masu zanen suka ce, to me za mu yi da layuka uku na sama? Suka yi watsi da su. Layuka 13 kawai allon yake saurare, wato kilobayit 8. Akwai wani ƙaramin IC mai lamba 74145 da yake raba wannan kilobayit 8 ɗin gida takwas, K0 zuwa K7, kowanne kilobayit ɗaya. Ƙafar K ɗin nan ita ce makunnin wannan mai rabon. In ka ɗaure ta da negatif, kana ce masa: kullum kana bakin aiki, kowane adireshi aka kira naka ne. Ranar da ka sayi ƙarin RAM mai yawa, sai ka cire jampar, ka bar allon faɗaɗawa ya riƙa gaya masa lokacin da zai amsa da lokacin da zai yi shiru. Ba su yanke maka hukunci ba, sun bar maka ƙafar a waje.

Kuma wannan watsi da layuka ukun ya yi musu wani amfanin. Ita 6502 in ta farka, dole can ƙarshen adireshi take zuwa, FFFC, ta tambayi inda za ta fara. A KIM-1 babu komai a can. Amma tunda allon ba ya jin layuka uku na sama, in ta kira FFFC, shi 1FFC yake ji, wanda yake cikin ROM. Kamar unguwar da ɗan aike ba ya duba sunan layi, lambar gida kawai yake dubawa: ko wane layi ka rubuta, gida ɗaya zai kai. Da rowa aka yi, amma ta biya buƙata.

Ga yadda gidajen takwas suke. Daga 0000 zuwa 03FF RAM ɗinka ne. Ko a nan ma ba duka ne naka ba: daga 00EF zuwa 00FF na mai gida ne, wato furogiram ɗin KIM, nan yake ajiye kayansa, sannan shafin 0100 zuwa 01FF nan furosesa take jibge abin da za ta tuna in ta shiga wani aiki ta dawo. Shi ya sa yawanci a 0200 ake fara rubutu. Daga 0400 zuwa 13FF fili ne, kango, an bar wa mai son ƙara kilobayit 4. A 1700 ƙafafun shiga da fita naka suke, guda 15, ka haɗa fitila, ka haɗa lasifika, ka haɗa rile mai kunna injin, duk abin da ka ga dama. A 1740 na KIM suke, masu kula da madannai da lambobi. Daga 1780 zuwa 17FF ɗan RAM ɗin nan ne na cikin 6530. Daga 1800 zuwa 1BFF ROM mai kula da kaset, daga 1C00 zuwa 1FFF kuma ROM mai kula da madannai da lambobi da teletayif. Shi ke nan garin gaba ɗaya. Mutum ɗaya zai iya haddace shi a yini guda, kuma littattafai uku da ake haɗo ka da su sun ƙunshi zanen allon da dukkan furogiram ɗin ROM layi bayan layi, har da bayanin abin da kowane layi yake yi. Ku gaya min wace waya ce yau za ta zo da irin wannan a kwalinta.

To ɗan'uwa, mun iso kan matsalarka.

Maɓallin ST ba ya cikin waɗanda furogiram yake leƙawa. Shi kai tsaye yake zuwa wata ƙafar furosesa da ake kira NMI, wato kiran da ba a ƙin amsawa. Duk abin da take yi, in aka ja wannan ƙafar, sai ta ajiye ta tafi. Ina za ta? Ta duba FFFA, wanda mun ce 1FFA ne a nan, ROM ya tura ta wani layi, shi kuma layin cewa yake: je ki duba 17FA da 17FB, duk adireshin da kika tarar a can, nan za ki. To 17FA RAM ne. RAM kuwa in aka kunna wuta, shara ce a ciki, duk abin da ya ga dama. Sai furosesa ta ɗauki sharar nan a matsayin adireshi, ta yi tsalle ta faɗa daji. Suman da kake gani ke nan.

Maganin: ka rubuta mata inda za ta. Danna AD, sai 1, 7, F, A. Danna DA, sai 0, 0. Danna alamar tarawa, sai 1, C. Ƙirga, sha ɗaya ne. Abin da ka rubuta shi ne 1C00, amma ka lura ka fara da 00 kafin 1C, domin 6502 ƙaramin rabi take fara karantawa kafin babba. Wannan juyin zai yi ta cin ka har ka saba. A 1C00 akwai furogiram ɗin da yake adana halin da furosesa take ciki, ya dawo da kai kan madannai lafiya. Yi haka nan a 17FE da 17FF, 00 da 1C, don umarnin BRK ma ya san hanyar gida. Kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ka sake. Da irin wutarmu, ka shirya yatsunka.

Za ka ce don me ba su rubuta wannan a ROM an huta ba? Don in sun rubuta, sun kulle ƙofar. Da yake a RAM yake, kai ma kana iya cewa in an ja NMI a zo wurin naka furogiram ɗin, misali na'urar da kake sarrafawa ta yi kiran gaggawa. Ni a ganina sun yi daidai, ko da yake da sun sa RS ya riƙa cike gurbin da kansa, da sun rage wa dubban mutane ciwon kai. Wataƙila wuri ne ya yi musu kaɗan, kilobayit biyu ba yawa.

In ka saita wannan, makunnin SST ma zai fara aiki, kuma shi ne malamin da ya fi kowa a allon. Ka tura shi, sai duk danna GO ɗaya furosesa ta yi umarni ɗaya tak ta tsaya. Ka je 00F3 ka ga abin da ke hannunta, wato rijistar A, ka je 00F1 ka ga tutocinta, ka danna PC ka koma inda ka tsaya, ka sake GO. Kana kallon tunanin kwamfuta taku bayan taku, kamar mai bin sawun akuya a rairayi.

Bari mu gwada wani abu ƙarami, bayit 14 kacal. Je ka 0200, danna DA, ka shigar da waɗannan, kana danna alamar tarawa bayan kowanne:

D8 18 A9 05 69 07 85 F9 20 1F 1F 4C 08 02

Fassararsa: D8, yi lissafi irin naki na asali. 18, share ragowar da ta gabata. A9 05, ɗauki biyar. 69 07, ƙara bakwai. 85 F9, ajiye a 00F9, wanda shi ne gurbin da lambobi biyu na dama suke nunawa. 20 1F 1F, kira mai haska lambobi da ke 1F1F a ROM. 4C 08 02, koma 0208 ki sake kiransa, har abada. Ka tabbata SST a kashe yake, ka koma 0200, ka danna GO. A dama za ka ga 0C. Kar ka ce ta faɗi jarrabawa, C sha biyu ne. Yanzu danna ST, wanda ya riga ya warke, ka canza D8 na farko zuwa F8, ka sake GO daga 0200. Za ka ga 12. Bayit ɗaya ka canza, furosesa ta koma lissafin goma-goma irin na 'yan kasuwa. Ranar da na fara ganin wannan a kwaikwayon da ke kan kwamfutata, wallahi na fi minti biyar ina canzawa ina mayarwa kamar yaro.

Amma ka riƙe wannan F8 ɗin a ranka, don zai iya cizonka a wajen kaset.

Eh, kaset. Ita KIM-1 ba ta da inda take ajiya in wuta ta tafi, sai a rikoda, irin dai wadda iyayenmu suke jin waƙa da wa'azi a cikinta, mai cinye zare a nemo biro a naɗe. Ƙafar L ita ce ta shigar sauti, M da P na fita, ɗaya mai sanyi don ramin makirfo, ɗaya mai ƙarfi. In za ka adana aiki, sai ka rubuta adireshin farko a 17F5 da 17F6, adireshin ƙarshe da ƙarin ɗaya a 17F7 da 17F8, ka ba fayil ɗin lamba a 17F9, daga 01 zuwa FE. Suna? Babu suna, lamba ce, sai ka rubuta a bayan kwalin kaset abin da take nufi. Ka sa 00 a 00F1 don ka fitar da furosesa daga lissafin goma-goman nan, in ba haka ba lissafin kaset ɗin zai rikice. Sannan ka je 1800, ka danna rikodin, ka danna GO. In za ka dawo da shi, 1873 za ka je. In ta karanta lafiya ta nuna maka 0000, in an samu kuskure ta nuna FFFF, ka mayar da zare baya, ka ɗan taɓa ƙarar rikoda, ka sake.

Abin da ke kan zaren sauti biyu ne, mai tsini wajen haz 3700 da mai kauri wajen 2400. Kowane bit kashi uku ne: na farko kullum mai tsini, na ƙarshe kullum mai kauri, na tsakiya shi ke faɗin ko sifili ne ko ɗaya. Amfanin wannan shi ne ko batirin rikoda ya yi sanyi zare yana jan ƙafa, KIM tana iya ganewa, don gwada tsawon wannan da wancan take yi. Kuɗin da aka biya shi ne lokaci: kilobayit ɗaya yana cin wajen minti biyu. Wani ɗan Kanada mai suna Jim Butterfield, wanda yana cikin marubuta littafin The First Book of KIM na 1977, ya rubuta ɗan furogiram mai suna Hypertape da ya ninka saurin sau shida, kuma ROM ɗin asali yana karanta abin da ya rubuta ba tare da an canza komai ba.

Akwai jampa ta biyu da ya kamata ku sani. In ka haɗa ƙafa ta 21 da ƙafar V a bakin aikace-aikace, KIM za ta bar madannanta da lambobinta ta koma magana da teletayif, wato injin buga rubutu mai madannai da takarda, wanda yake buga harafi goma a daƙiƙa. A wajen furogiram ɗin ROM, jampar nan tamkar wani ɓoyayyen maɓalli ne da aka danne. Abin sha'awa, ba ka gaya mata saurin layin. Ka danna RS, ka danna RUBOUT a teletayif ɗin, ita za ta auna tsawon bugun farko ta gane saurin da kanta. A 1976 fa. Masu kwaikwayon yau ta nan suke jona ta da laftof, su riƙa tura furogiram ba sai sun yi ta danne-danne ba. Saboda haka ɗan'uwa, in wata rana ka kunna ka ga lambobi sun ƙi fitowa sam, kafin ka zargi kowa duba wannan jampar ko makunninta, wataƙila tana can tana jiran laftof ne.

To a ƙarshe me aka yi da bayit 1152? Wani matashi a Toronto mai suna Peter Jennings ya rubuta wasan ces, darar Turawa, cikakke, kwamfuta tana wasa da mutum, a cikin wannan ɗan wurin. Microchess sunansa, ya fara sayar da shi a ƙarshen 1976 a kan dala 10. Abin da ake turo maka ɗan littafi ne mai lambobi, ka zauna ka shigar da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ajiye allon dara na gaske a gefe, ita tana faɗa maka daga wane gida zuwa wane gida da lambobinta shida, kai kana matsar mata da 'ya'yan. Ba gwana ba ce, mai ɗan iya wasa zai cinye ta. Amma yana cikin wasannin farko da aka sayar wa masu ƙananan kwamfutoci a gida. Wasu kuma suka ƙara RAM suka ɗora BASIC, har da na Microsoft, wasu suka haɗa allon Don Lancaster mai suna TVT-6 suka fitar da rubutu a talabijin.

Wanda ba shi da kuɗin odar kaya, kar ya ce an bar shi a baya. Akwai manhajojin kwaikwayon KIM-1 kyauta da ake sa wa a kwamfuta, akwai kuma KIM Uno da ake haɗawa da ƙaramin Arduino. Sai dai wasu daga cikinsu suna cike maka 17FA tun kafin ka tambaya, don haka ka je ka duba da idonka, ka ga me ke ciki. Bayit 14 ɗin nan da na bayar za su yi aiki a duk wanda ya kwaikwayi ROM ɗin asali.

Ɗan'uwa mai saƙo, ka gwada sha ɗayan nan yau da dare. In ST ya tsaya lafiya ya nuna maka adireshi, ka ɗauko hoton allon ka ajiye mana a ƙarƙashin wannan rubutun mu gani. In kuma har yanzu tana suma, to sai mu koma kan dalma: ka bi layin da ya tashi daga maɓallin ST har zuwa ƙafa ta 6 ta 6502 da mitarka, ka faɗa mana abin da ka samu. Sauran jama'a, wanda ya canza 05 da 07 zuwa wasu lambobi ya ga abin da ya ɗaure masa kai, ya rubuto, za mu duba tare.